Tankuna Uku a Bayan Gidan Orval

Kwarin Mosby, 12 ga Yuni

Yaya Lorna,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya gwiwar taki? In likita ya ce a yi aikin, ki bari a yi, ki daina taurin kai irin na Kaka Inga. Kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, amma halin gidan ke kika kwashe shi kaf. Mu nan ƙalau muke. Hawan jinin Orval yana nan, maganin kuwa sai ranar da ya ga dama.

Kin ce kina buga waya ba ta shiga. Ba za ta shiga ba, Orval ya tsinke layin tun watan jiya. Wai waya kunnen gwamnati ce a tsakar ɗakin mutum. Salula dama ba ta kamawa a kwarin nan. Sai mu koma wasiƙa kamar lokacin ƙuruciya.

Ban san yadda kuke da mai a Fargo ba, mu dai abin ya yi tsanani. Fetur galan biyar ake ba kowace mota a gidan man garinmu, dizal kuwa babu shi ko na magani. Ciyawa ta isa yanka, taraktoci suna tsaye a gona. Kin tuna tankuna ukun nan da mijina ya kafa a bayan gida, da kika ce sun yi kama da aladu masu barci? Cike suke da dizal har baki. Shekara da shekaru ana yi masa dariya, shi da ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa mai wake da shinkafa da gwangwanaye da akwatunan harsashi. Yanzu dariyar ta ƙare, sai gaisuwa har da cire hula.

Maƙwabcinmu Clete Bascom ne kaɗai bai cire ba. Ya tsaya bakin shinge ya ce bana rani zai yi zafi, in gobarar daji ta sauko ta samu tankunan nan, har rumbunsa sai ya tashi. Suka yi cacar baki. Bayan kwana kaɗan sai ga jami'in kashe gobara na gunduma a ƙofar gonarmu, wai zai duba yadda aka ajiye man.

Orval ya ce, "Ina takardar alƙali?"

Mutumin ya ce, "Mista Pruitt, dubawa kawai zan yi, ba kama ka na zo yi ba."

"Ɗana, kundin tsarin mulkin ƙasar nan ya hana a binciki gidan mutum ba da izinin kotu ba. Ba ni na rubuta ba. Je ka samo, in buɗe maka har in dafa maka kofi."

Ya ce zai samo kuwa. Yana magana idonsa na kan ƙaramar bindigar da ke ƙugun Orval. Ni na saba ganinta har na daina ganinta, amma shi na lura bai juya mana baya ba sai da ya shiga mota.

Ki gaida tsofaffinki na wurin aiki.

Ƙanwarki,
Nadine

Fargo, 24 ga Yuni

Nadine,

Na samu wasiƙarki, na gode. Gwiwa tana nan tana mulkinta. Aiki kuwa sai godiya, gidan kula da tsofaffin ya cika, ma'aikata sun ragu don wasu ba su da man zuwa. Ni bas nake hawa.

Na karanta labarin ƙofar gona har sau biyu. Ke kin ba da shi kamar abin dariya, ni ban yi dariya ba. Ba na musun 'yancin mijinki. Babana ma da bindiga ya tsufa, kuma da wani ya zo ƙwace masa ita da an ji su. Amma akwai bambanci tsakanin mai bindiga a bayan ƙofa da wanda ba ya iya zuwa ɗebo ƙwai sai da ita a ƙugu. Ya tsinke waya, ya bar magani, ya ɓata da maƙwabci. Haka yayana Dell ya fara, kin sani. Kowa ya ce halinsa ne, a ƙyale shi, har ranar da aka tsinci gawarsa a gareji, ya kashe kansa.

Ki gaya min gaskiya. Yana barci? Yana cin abinci? Yana yi miki tsawa? In kina so ki zo ki ɗan huta, ɗakin baƙi yana nan, sai dai ki yi haƙuri da kyanwa.

Kada ki nuna masa wannan. Tun ranar bikinku yake kirana "gwamnatin tarayya."

Yayarki,
Lorna

Kwarin Mosby, 9 ga Yuli

Yaya,

Gaisuwa, da fatan kina lafiya. A tsaye nake rubutu a gidan waya, Orval yana jirana a mota, ki yi haƙuri da rubutun.

Ba ya yi min tsawa, ki kwantar da hankalinki. Barci dai ya ragu. An ce takardar alƙalin ta kusa fitowa, kuma in sun samu laifi a ajiyar za su kwashe man su tafi da shi. Tun da ya ji haka bai zauna ba. Maza suna ta zuwa su yi ƙus-ƙus a bayan gida su tafi.

Ya yanke shawara. Ya sa na yi alkawarin ba zan faɗa a takarda ba, don ya ce ana buɗe wasiƙu. Abin da zan iya ce miki shi ne, ranar Asabar ta sama zai gama da man nan gaba ɗaya. Ya ce ko ɗigo ba za su samu ba, kuma duk mutanen kwarin za su taru su gani da idonsu. Ya ce in kai karnuka da awaki gidan ƙawata Wilma kafin ranar. Na daɗe ban ga fuskarsa a sake haka ba, kamar wanda ya sauke kaya.

Ki sa mu a addu'a.

Nadine

Fargo, 15 ga Yuli

Nadine,

Yanzu na dawo daga aiki na tarar da wasiƙarki.

Ki bar gidan nan. Ki tafi wurin Wilma tare da dabbobin, kada ki dawo. Mutum ba ya kawar da karnukansa daga gida sai in ya san abin da zai faru da gidan. Kuma sakin fuskar nan da kika gani, na taɓa ganin irinsa. Dell ma haka ya yi fara'a a makonsa na ƙarshe.

Ba ni da hanyar samunki, wasiƙa kuma ban san yaushe za ta iso ba. Don haka na buga wa ofishin sherif, shugaban 'yan sandan gundumarku. Na karanta musu abin da kika rubuta. Na ce ina tsoron zai cinna wa tankunan wuta, yana ciki ko kuna ciki. Sun tambaye ni ko yana da makamai, na faɗa musu abin da na sani.

Ki tsane ni in kin so. Ni dai in ji kina numfashi.

Lorna

Kwarin Mosby, 23 ga Yuli

Yaya Lorna,

Ina gaisuwa. Ban ji daga gare ki ba, amma an ce motar wasiƙu ta daina shigowa kwarin kullum saboda mai, don haka ban zarge ki ba. Muna raye. Da wannan zan fara, don saura kaɗan da wani ne zai rubuta miki.

Yanzu zan iya faɗa miki abin da ya shirya. Rabawa zai yi. Ya ce da gwamnati ta kwashe man, gara ya zuba shi a taraktocin maƙwabta su yanke ciyawarsu, in masu takarda sun zo su tarar da tankuna wayam. Dabbobin kuwa don kada manyan motoci su take su ne.

Ranar Asabar tun da hantsi layi ya kai har gada. Taraktoci, motocin ɗaukar kaya, wasu da durom, wasu da jarka. Wilma ta kawo kofi da kek. Orval na riƙe da tiyo yana zuba wa kowa, yana tsokanar maƙwabcinmu Tsoho Harlan, "Kai ne ka ce na haukace ko? Matso da akwalar taka, mahaukaci zai shayar da ita." Yaya, na manta rabon da in ji dariyarsa irin ta ranar.

Sai muka ji jiniya. Motocin 'yan sanda suka tare hanya ta sama da ta ƙasa, ga motar kashe gobara a bayansu. Suka fito da sulke da dogayen bindigogi, suka laɓe bayan ƙofofin mota. Aka ce ta lasifika, "Orval Pruitt, ajiye abin da ke hannunka, ka ɗaga hannu sama."

Kin san mutanen nan. Babu motar da ba bindiga a bayan kujera. Kafin in ƙifta ido 'ya'yan Harlan biyu sun zaro nasu. Wani ya yi ihu cewa an zo ƙwace man ne. Mata suka kwanta a ƙasa. Orval ya tsaya kamar an dasa shi, tiyon na zuba, dizal na malala a kan takalmansa har ƙarƙashin motoci. Harbi ɗaya, Yaya. Tartsatsi ɗaya ya ishe mu duka.

Cikin 'yan sandan akwai Boyd Renfro, wanda na koya wa karatun Littafi Mai Tsarki a coci yana ƙarami. Ya ajiye doguwar bindigarsa ya tako, tafin hannunsa a buɗe.

Ya ce, "Baba Orval, ina da umarnin kotu. An kawo rahoto za ka ƙone wurin nan da kanka a ciki. Kotu ta ce a karɓi makamanka har a zauna a saurare ka."

Orval ya ce, "A hukunta ni kafin a ji ta bakina? A wace ƙasa?"

"Za a ji. Amma yau dai ka taimake ni. Yaran da ke bayana tsoro suke ji, mai tsoro kuma yatsansa ba ya jin magana."

Na ga hannun daman mijina ya saki tiyo ya sauko. Ban san ina zai kai shi ba, shi ma na tabbata bai sani ba. Ƙafafuna suka kai ni gabansa ba da shawarata ba. Na ce, "Tsaya cak, tsoho." Na kwance ɗamarar daga ƙugunsa da bindigar a jiki, na miƙa wa Boyd. Sannan na rufe famfon tankin. Na juyo wurin Orval. Kallona kawai ya yi.

Harlan ya daka wa 'ya'yansa tsawa suka mayar da nasu. 'Yan sanda suka shiga gida suka kwashe komai, har bindigar farautar barewa ta mahaifinsa. Suka kai shi asibiti a duba hankalinsa, likita ya sallame shi kafin magariba. Da Boyd ya fahimci abin da ake yi, ya bari aka watsa yashi a kan man da ya zube aka ƙarasa rabon. Direban motar kashe gobarar ma sai da ya karɓi jarka biyu, wai tasu ma ta kusa ƙafewa.

Takardar ba ta faɗi wanda ya kai rahoton ba, "wani da ya san gidan" kawai aka rubuta. Kowa ya san Clete Bascom ne, shi kaɗai ne bai zo layi ba. An yanke masa shinge, shanunsa suka fita titi, motar katako ta kashe biyu. An harbe tankin ruwansa. Ranar Lahadi matarsa Joanne ta zauna a coci benci guda ita kaɗai, ta fita tana kuka kafin a idar. Shi yana rantsuwa ba shi ba ne. Orval ya ce, "Clete ya gode wa Allah hannuna ba komai." Maganar nan ta tsaya min a rai.

Za a zauna kotu ranar ɗaya ga wata. Ki rubuto, ina bukatar jin muryar wani nawa.

Ƙanwarki,
Nadine

Kwarin Mosby, 25 ga Yuli

Lorna,

Wasiƙarki ta sha biyar ga wata ta iso yau.

Na karanta ta a cikin mota a bakin gidan waya, na kasa tuƙi. Na je na nemo kalmomin da na rubuta miki a kaina, na ga yadda kika karanta su. Na gani. Amma kin san Orval tun kafin gashinsa ya yi fari, kin ci abinci a teburinsa. Kin aiko mana da mutane masu sulke, kina zaune a Fargo da kyanwarki.

Ban gaya masa ba. Jiya da rana wasu suka tare Clete a shagon abincin dabbobi suka fasa masa baki. In na ce ke ce, ba za su yarda ba, za su ce ina kare maƙwabci ne da sunan wata da ba su sani ba. Sai sun gan ki, sun ji daga bakinki.

Ki zo kotun. Ban damu da gwiwarki ba, ban damu da yadda za ki samu mota ba. Ke kika fara, ki zo ki ƙarasa.

Nadine

Fargo, 5 ga Agusta

Nadine,

Na iso gida lafiya. Bas ta tsaya a hanya neman mai, gwiwa ta kumbura kamar kabewa, amma na iso. Ya jikin Orval? Na ga ya rame.

Ba ki ba ni damar magana a harabar kotu ba, ban kuma ga laifinki ba. Lokacin da na miƙe na ce wa alƙaliyar ni ce na buga wayar, ba Mista Bascom ba, kowa ya juyo ya zuba min ido. Ban iya kallon Orval ba. Clete na kalla, da leɓensa a ɗinke. Wannan fuskar ce ke bina har yanzu. Na rubuta masa daban, ban sa ran amsa ba.

Na ji daɗi da alƙaliyar ta ce babu hujjar ci gaba da riƙe makaman. Lauyan Orval ya yi gaskiya, ba a ƙwace wa ɗan ƙasa haƙƙinsa saboda tsoron wata tsohuwa da ke wata jiha. Na yi kuskuren karatu, kuskuren ya kusa kashe mutane. Na ɗauki laifin.

Amma akwai abin da alƙaliyar ta tambaye ki wanda ba ki amsa nan take ba. Ta ce, "Misis Pruitt, kina jin tsoro a gidanki?" Kin ce a'a. Kafin ki ce a'a ɗin, kin yi shiru. Mutanen kwarinku ba su lura ba. Ni na goya ki a bayana, na lura.

Ba sai kin amsa min ba. In kin ce kada in sake rubutowa, zan bari.

Lorna

Kwarin Mosby, 16 ga Agusta

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki riƙa sa ƙanƙara a gwiwar, ki ɗaga ƙafar sama. Orval ya koma shan magani, likitan asibitin nan ya tsorata shi.

Washegarin kotu ya ɗauki wayar shinge da guduma ya tafi shingen Clete. Ya yi kwanaki yana gyara. Ya kai masa 'yan maruƙa biyu, Clete ya dawo da su. Joanne ta ce min ba shanun ne damuwarta ba. Ta ce a cocin nan aka ɗaura aurenta, a nan ta binne uwarta, kuma ba mutum ɗaya da ya matso kusa da ita a bencin. Har da ni. Sun kafa allon sayarwa a bakin gonarsu, za su koma wurin 'yarsu a Spokane.

Kin tambayi shirun da na yi. Ga amsarsa. Makonnin da babu bindiga a gidan nan, na yi barcin da na manta akwai irinsa. Orval bai taɓa ɗaga min hannu ba, ba kuma zai ɗaga ba. Amma na gaji da zama da mutumin da kullum yake jiran ranar tashin duniya, har ya kusa jawo ta da hannunsa.

Ranar Talata ya je ya karɓo bindigogin. Ya dawo da la'asar, ya faka a ƙofar gida, ya fara sauke ta farko. Na tsaya a bakin ƙofa.

Ya ce, "Matsa mana, Nadine."

Na ce, "Ba za su kwana a ɗakina ba. Ka kai su rumbu ka sa a akwatin ƙarfe. In lokacin farauta ya yi, ko kerkeci ya shigo wa awaki, ka ɗauko. Ta ƙugun nan kuma ta gama zama da mu a teburin cin abinci."

Ya ce, "Kotu ta ce haƙƙina ne."

Na ce, "Haƙƙinka ne, na kuma tsaya maka a gaban alƙali. Amma gwamnati kundin ya hana ta taɓa maka su. Bai ce komai a kan matarka ba."

Ya koma cikin mota ya zauna, hannunsa a kan sitiyari. Na shiga na ɗora dankali a wuta, na soya nama, na shirya tebur, bai shigo ba. Na zauna ina tunanin in ya shigo da su, wace jaka zan ɗauka. Can sai na ji ya tada mota. Na leƙa ta taga, na ga ya bi ta bayan gida ya nufi rumbu.

Da ya shigo ya wanke hannu ya zauna. Ya ci abincinsa ya cinye, ya ce gishiri ya yi yawa.

Sunanki kuwa ya ce kada a sake ambata masa. Bai yafe miki ba, ni ma ban gama ba. Amma ki rubuto. Ni ce mai zuwa gidan waya.

Ƙanwarki,
Nadine